Anti, ƙungiya nawa zan shiga kafin CV ɗina ya yi nauyi?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ina aji biyu a jami'a nan Kano, Economics nake karanta, kuma daga gida nake zuwa bana zama hostel. Tun da muka shigo ake tsorata mu wai yanzu digiri kaɗai baya ba mutum aiki sai CV ɗinsa ya cika da ƙungiyoyi, shi ne semestar da ta wuce na yanki fom har na ƙungiya huɗu. Kuɗin fom da kuɗin riga sun cinye min kuɗin mota, mitin kuma duk sai bayan la'asar, ga Baba dokarsa magariba ta same ni a gida. CGPA ɗina, wato matsakaicin makina tun da na shigo, daga 3.81 ya dawo 3.54. Yanzu kuma ƙawayena sun matsa sai na tsaya takarar mataimakiyar shugaba a ƙungiyar dipatmen ɗinmu wai zai yi kyau a CV. Ni dai Anti ban iya komai ba, in na dawo gida littafin bashin Mama kawai nake riƙewa dan tana saida atamfa da leshi, sai yaran maƙota da nake koya wa lissafi ran Asabar. Wace ƙungiya zan riƙe, wacce zan saki, kuma in tsaya takarar?

*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta saƙon nan naki, kuma da na zo wajen da kika ce ba ki iya komai ba sai da na ajiye wayar na yi dariya, ba ta raini ba wallahi, za mu dawo kan wannan maganar. Amma bari mu fara da inda wutar take ci, wato 3.54 ɗin nan da kika ambata a tsakiyar saƙo kamar ba komai ba.

Kin san dai a ma'aunin 5.0 da jami'o'inmu ke amfani da shi, daga 3.50 ake fara darajar digiri ta 2:1, wato Second Class Upper, in aka sauko ƙasa da haka an faɗa 2:2, wato Second Class Lower. Kenan 0.04 ne kacal tsakaninki da gangarawa, kwas ɗaya mai yunit uku in ya zo miki da D ya isa ya tura ki. Kuma in kin duba tallan ɗaukar sabbin ma'aikata na bankuna da manyan kamfanoni za ki ga da yawansu rariyar farko da suke sawa ita ce darajar digiri da shekarun haihuwa, fom ne a intanet, kina zaɓar 2:2 wani ma ba zai bar ki ki wuce shafi na gaba ba, balle wani ɗan Adam ya zauna ya karanta cewa kin yi ƙungiya huɗu. Haka sikolashif na karo karatu a waje, galibi 2:1 suke fara tambaya. Ban ce mai 2:2 baya cin gaba ba, na san da yawa da suka yi nisa fiye da masu First Class, amma hanyarsu ta fi zagaye, kuma babu dalilin da zai sa ki zaɓi zagaye da hannunki saboda mitin ɗin da ko ruwan leda ba a rabawa. Abin da ya sa nake miki wannan faɗan yanzu shi ne a aji biyu CGPA bai yi nauyi ba tukuna, semesta ɗaya mai kyau za ta ɗaga shi sosai, amma in kika kai aji huɗu yunit sun taru ko A kika jera da ƙyar zai motsa. Toh wannan semestar ta karatu ce kafin komai.

Yanzu maganar CV. Na shekara da dama ina zama a kwamitin tantance masu neman aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta da na yi wa aiki, kuma bari in gaya miki yadda abin yake daga ɗaya gefen teburin, dan ku ɗalibai ba a cika gaya muku ba. Gurbi biyu ne, CV sun fi ɗari biyu, mu uku ne a ɗaki, fanka na kaɗa takardu, shayi ya huce. Babu wanda yake ƙirga ƙungiyoyi. Idonka na sauka kan jerin nan na mamba kaza, mamba kaza, mamba kaza, sai ya zame ya wuce kamar yadda ake wuce tallan magani a Facebook, saboda kowa ya rubuta irinsa kuma mun san kuɗin fom kawai ake biya a zama mamba.

Akwai wani saurayi da ba na mantawa, ya sha kwat har da laƙƙatai cikin zafin Afrilu, CV shafi uku, ƙungiya tara na ƙirga. Abokin aikina ya ɗora yatsa kan ɗaya ya ce masa, a wannan me ka yi? Ya ce muna halartar mitin ranar Laraba. Aka ce to bayan mitin fa? Ya ce akan yi wayar da kai. Wa kuka wayar wa kai, mutum nawa, a ina, me ya canja? Shiru, sai gumi. Wallahi tausayi ya ba ni dan ba ƙarya ya yi ba, da gaske ya shiga ƙungiyoyin, da gaske ya ɓata ƙafa da kuɗin mota shekara huɗu, kawai dai babu abu ɗaya da zai ɗaga ya ce wannan ni na yi shi. Bayansa wata yarinya ta shigo, a hankali take magana har sai da muka ce ta ɗaga murya, abu ɗaya ne a CV ɗinta bayan karatu, ma'ajin ƙungiyar dipatmen ɗinsu. Da muka tambaye ta sai ta buɗe jaka ta fito da littafi mai bango mai tauri irin na 'yan adashi, ta ce da aka ba ta muƙamin babu wanda ya san nawa ake bin ƙungiya nawa ta tara, ita ta buga rasit, ta raba shafi kuɗin shiga a hagu na fita a dama, duk ƙarshen wata ta liƙa lissafin a allon sanarwa har shugabansu ya daina yi mata magana sati biyu. Muna ta juya shafukan ana dariya. Ita muka ɗauka, kuma ko minti biyar ba mu yi muhawara ba.

Kinga inda na dosa. Abin da ake nema shi ne labarin da za ki iya bayarwa dalla-dalla: ga yadda na tarar da abu, ga abin da na yi, ga yadda ya koma, ga kuma wanda za ku kira ya shaida. Ƙungiya wajen samun irin wannan labarin ce kawai, in ba ta ba ki shi ba to riga kika saya da tsada.

Shi ya sa na yi dariya ɗazu. Ke fa kina karanta Economics, kuma kullum da daddare kina riƙe da littafin bashin kasuwanci na gaske, mai kuɗi na gaske, mai kwastomomi na gaske waɗanda za su ce miki "in an yi albashi" sannan albashi uku ya wuce ba ki gan su ba. Rabin 'yan ajinku ba su taɓa bin bashin naira ɗari ba. Abin da ya rage shi ne ki fitar da aikin daga matsayin "taya Mama" ki mai da shi aikin da ake iya nunawa. Ki kwashe littafin nan ki zuba shi a Excel, in babu kwamfuta Google Sheets na aiki a waya kuma kyauta ne. Suna, kayan da aka ɗauka, ranar ɗauka, abin da aka bayar, abin da ya saura. Cikin wata biyu za ki fara ganin abin da Mama ta sani a ka amma ba ta taɓa gani a rubuce ba, wace atamfa ce ke tashi da wuri wacce ke kwana, nawa ne jarin da ke kwance a hannun mutane, wane wata ciniki ke haukacewa, na tabbata za ki ga gab da sallah da lokacin bukukuwa ne, da kuma nawa ake saro turmi a Kantin Kwari yau idan aka kwatanta da wata shida baya. Ranar da kika ce wa Mama "Mama kin san mutum biyar ne ke riƙe da rabin kuɗinki?" ranar za ki ga yadda za ta kalle ki. Kuma ranar intabiyu in aka ce kin iya Excel, ba za ki ce kin yi kwas na sati biyu ba, za ki ce shekara biyu ina tafiyar da lissafin shago da shi, ga shi a wayata, ki dai rufe sunayen mutane kafin ki nuna, amanar bayanan kwastoma ita ma abin dubawa ce.

In kina son ƙari a kan wannan, kuma wanda ya dace da karatunki, ki fara rubuta farashin kayan abinci a kasuwar unguwarku duk sati, kwanon shinkafa, na masara, na gero, na wake, kwalbar manja. Abu biyar ko shida sun isa, rana ɗaya a sati, wajen mutum ɗaya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS tana fitar da rahoton farashin abinci a shafinta kyauta, sai ki riƙa kwatanta naki da nasu. Kafin ki kai aji huɗu kina da bayanan shekara biyu da ke kika tattara da ƙafarki, lokacin da 'yan ajinku ke yawon neman taken firojet ke naki na cikin waya. Kuma babu mitin ɗin bayan la'asar a ciki, cefane ma za ki haɗa.

Yaran da kike koya wa lissafi ma haka. Su nawa ne? Aji nawa suke? Ki yi musu ɗan gwaji yanzu ki ajiye makin, bayan wata uku ki sake. Shikenan kin samu abin faɗa.

To a cikin huɗun nan wacce za ki riƙe? Ba ki faɗa min sunayensu ba, kuma ko kin faɗa ba zan yanke daga suna ba, dan ƙungiya ɗaya a wannan makarantar tana ci kamar wuta a wata makarantar kuma guruf ɗin WhatsApp ne kawai da ake tura barka da Juma'a. Ki je wajen shugabannin kowacce ki tambaye su me suka yi bara, ba me za su yi bana ba, kowa ya iya alƙawari. In suka fara da "muna da shirin" ki yi musu sallama. In suka ce mun kai kaza asibiti, mun koyar da 'yan aji ɗaya kwas kaza sati takwas, ga hotuna ga rahoto, sai ki ƙara tambaya ko 'yar aji biyu tana samun aikin da za a ce nata ne ko kuwa sai dai jera kujeru da rabon minti. Wacce ta amsa miki waɗannan biyun da kyau ita ce taki. Guda ɗaya. In kin ga semesta ta yi kyau maki ya dawo, kya iya ƙara ta biyu a aji uku, amma taura biyu ba ta taunuwa balle huɗu.

In da ni ce ke, idona zai fi karkata ga ƙungiyar dipatmen, NESA kenan a wajenku, saboda a nan malamanku suke ganinki kuma su ne za su rubuta miki takardar shaida gobe. In akwai Enactus mai rai a makarantarku ki leƙa, ita ce da ake kira SIFE kafin a canja mata suna a 2012, tsarinta dama a yi aiki a cikin al'umma ne sannan a tsaya gaban alƙalai a kare shi da alƙaluma, amma ki shiga da sanin tana cin lokaci sosai idan gasa ta matso, har kwana ake yi ana atisaye, wanda da wuya ya yi daidai da dokar Baba. Red Cross kuma ko ba dan CV ba taimakon gaggawa abin koyo ne ga duk macen da za ta riƙe gida. Mai son magana ko rubutu ga rediyon makaranta irin BUK FM, ga kuma Wikipedia ta Hausa da ake rubutawa daga kan katifa, kuma duk gyaran da kika yi yana nan a ƙarƙashin sunanki kowa zai iya dubawa. Ita kuwa ƙungiyar ɗalibai Musulmi MSSN, wadda tun 1954 take, ki shige ta dan Allah da dan kanki kar ki haɗa niyyar da CV, in ya so aka ba ki aiki a ciki, misali tsara tutoriyal na 'yan mata, kika yi shi da kyau, babu laifi ki rubuta aikin.

Takara kuma, a'a. Ba bana ba, kuma ba wannan kujerar ba. Mataimakiyar shugaba a yawancin ƙungiyoyin ɗalibai kujerar ado ce da ake ware wa mace dan fosta ta yi kyau, aikinta shi ne ta zauna kusa da shugaba ranar dina. Ga kuɗin fom, ga fosta, ga zagayen aji-aji, ga masu zuwa su ce a "gani" kafin su kawo miki 'yan ajinsu. Ni na yi, shi ya sa nake gaya miki. Ina aji uku ƙawaye suka zuga ni irin yadda ake zuga ki, sati uku ban shiga lakcar Statistics ba ina yawon kamfe, na ci zaɓe da ƙuri'a masu yawa har aka ɗaga ni sama, sakamako na fitowa ga kari-oba tana jirana, kuma waɗanda suka ɗaga ni ɗin babu wadda ta zauna ta sake rubuta jarabawar tare da ni. Abin haushin ma, a duk intabiyun da na shiga a rayuwata babu wanda ya taɓa tambayata kujerar nan. In har sai kin riƙe wani abu, ki nemi wanda ake gudu saboda aiki ne zalla: sakatariyar kuɗi, ko kwamitin tutoriyal. Sau da yawa ma ba zaɓe ake yi ba, roƙo ake a samu mai karɓa. Ke da kika iya bin bashin atamfa, karɓar kuɗin ƙungiya wasa ne a wajenki, ke da kike koyar da yara ran Asabar, tsayawa gaban 'yan aji ɗaya ki warware musu lissafin Economics ba zai gagare ki ba, kuma koyarwar za ta ƙara zaunar miki da karatun.

Wata 'yar magana a gefe tunda mu mata ne. A harkar ƙungiyoyin nan akwai masu zuwa da sunan za su ɗora ki a hanya, su haɗa ki da manya, tsofaffin ɗalibai ne ko 'yan siyasar gari. Na kirki suna nan. Amma duk wanda taimakonsa sai ƙarfe goma na dare yake tashi, ko sai a wani waje da ba makaranta ba, kin san amsar da kanki.

Baba kuma kar ki ja da shi, kuma kar ki fara yi masa ƙaryar lakcar yamma, ranar da ta fashe har karatun sai ya shiga matsala. Dokarsa ma ni ina ganin ta taimake ki, ita ce za ta sa ki tace. Ki gaya wa shugabannin ƙungiyar da kika zaɓa tun farko cewa ke ƙarfe biyar kike barin makaranta, a ba ki aikin da ake yi da rana ko daga gida, masu hankali za su yarda dan mai yin aiki ta fi musu mai zaman mitin. In wani taro na musamman ya taso sau ɗaya a semesta, ki bi ta wajen Mama tun da sati guda, ki kawo takardar gayyata mai sa hannun malamin da ke kula da ƙungiyar, ki ce yayanki ko ƙaninki ya zo ya ɗauke ki. Iyaye irin su Baba ba ƙungiyar suke ƙi ba, rashin sanin inda kike ne ba sa so. Kuma in ya ga 3.54 ta koma 3.8 bakinki zai fi kaifi a gabansa.

Sai abin da kusan kowa ke sakaci da shi: ajiye shaida. Ki ware littafi ɗaya ko fayil a waya, duk abin da kika yi ki rubuta shi a ranar, kwanan wata, mutum nawa, nawa aka kashe, me ya fito. Yau kina ganin ba za ki manta ba, amma tsakanin aji biyu da ranar da za ki gama bautar ƙasa shekaru ne, in yajin aiki ya gitta ma su ƙaru, kin dai ga na ASUU a 2022 daga Fabrairu har Oktoba wata takwas cur ana zaune. Allah ya kiyaye na gaba, amma in ya zo, irin ayyukan nan naki na gida su ne ba sa tsayawa dan an rufe makaranta. Kuma kafin ki bar kowane muƙami ki karɓi takarda daga malamin da ke kula da ku, mai sa hannu da hatimi, wadda ta faɗi aikin da kika yi ba sunan kujera kawai ba, tun yana tuna fuskarki. Nan gaba in kin tashi neman sikolashif irin su Chevening na Birtaniya, ban da gogewar aiki ta shekara biyu da suke nema, awa 2,800, wadda wannan sai bayan kin fita, za su sa ki rubuta yadda kika taɓa jagorantar mutane da misali na zahiri, a nan za ki gode wa littafin nan.

A CV ɗin kuma shafi ɗaya ya ishi mai sabon digiri. Kar ki rubuta "mamba". Ki rubuta abin da kika yi da adadinsa, na riƙe lissafin shagon atamfa mai kwastoma kaza tsawon shekara kaza, na koyar da yara kaza makinsu ya tashi daga kaza zuwa kaza. Gaskiya zalla, kar ki ƙara ko mutum ɗaya, dan masu tambaya sun iya tono, kuma kar ki ji kunyar cewa shagon na mahaifiyarki ne.

Sauran ukun ki fita daga guruf ɗinsu cikin mutunci, ki tura wa shugaba saƙo cewa karatu ya yi miki yawa, kuɗin fom kuma ki yafe, rigunan a yi shara da su ran Lahadi. Ki sake rubuto min in sakamakon semestar nan ya fito ina son jin lambar. Ki gaida Mama, ki ce mata Anti na tambaya ko akwai leshi ruwan toka, kuma ni hannu da hannu nake biya ba sai kin buɗe min shafi a littafin ba.